Kurmin da Na Ƙaga da Kurmin da Na Shiga

Mun tashi daga Yamai da asubar Laraba, a bayan wata kamiyo, babbar motar kaya, mai kai siminti da kwanon rufi Dogon Dutsi. Ni da abokin tafiyata, wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, ɗan Kiéché da ya zo karɓar littattafan ajinsa, muka shimfiɗa tabarma a kan buhuna muka zauna. A aljihuna akwai takardar izinin kwana goma. A jakata kuma akwai taswirar wata ƙasa da babu ita a duniya.

Waɗanda ke sauraron shirinmu na yammacin Alhamis sun san ƙasar: Kurmin Ba-Rana, dajin da na ƙaga don labarin da nake karantawa a rediyo kashi-kashi. Na zana masa kogi mai gudu da baya, da itatuwa masu haɗiye mutum, da maciji mai kai bakwai yana tsaron mashiga. Rabin wannan na tsinto shi a hotunan ƙasar Kwango, cikin wata mujalla da ke kan teburin direktanmu. Ɗaya rabin daga kaina ya fito. Ni ɗan Sukukutane ne, inda ake hango baƙo tun yana nesa har a dama masa fura kafin ya iso. Ban taɓa shiga dajin da ya rufe mini sama ba.

Bayan kashi na huɗu direkta ya kira ni. Bature ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, amma yana sa a fassara masa wasiƙun masu sauraro, kuma wasiƙun sun yaba labarin saboda ban dariyarsa. Ni kuwa don ban tsoro na rubuta shi. Ya ce in ɗauki kashi na biyar da na shida a faifai, in tafi inda zan tafi, in dawo masa da kashi na bakwai. In ya kama mutane, shirin ya ci gaba. In bai kama ba, a ba makaɗa lokacin, ni kuma in koma karanta farashin gyaɗa da sanarwar rasuwa. Abin da ya fito da ni ke nan.

Hanyar Doso ta jan ƙasa ce, damina kuma ta bar ta da kunya-kunya kamar gonar dankali. Direbanmu ya yi imani cewa in aka yi gudu sosai mota ba ta jin rami. Wataƙila motar ba ta ji ba, mu dai mun ji. A Birnin Gaure muka sha fura da nono, ƙwarya dala ɗaya, mai kauri har ludayi na tsayawa a ciki. Muna isa Doso hadari ya haɗo, aka yi ruwan bankwana mai ƙarfi, gardi ya sauke sandar shingen hanya. Doka ce, babbar mota ba ta taka hanya sai ƙasa ta tsane. A tasha muka kwana. Kafin magariba na duba agogo ya fi sau ashirin, kamar agogon ne zai busar da hanyar.

Washegari da la'asar muka hango dutsen, ja, a tsaye bisa garin. Kaka ta yi kyau. Jakuna na shigowa da dammunan gero, rumbuna sun sha sabon yaɓe, fuskar kowa a sake in ban da tawa. Akwatin rediyo uku na sani a Dogon Dutsi: na kumandan, na likita, da na wani mai kanti kusa da tasha, wanda ke fito da nasa ƙofa ya ɗora bisa kifaffen turmi. Ranar Alhamis ce, mutum ya fi talatin a wurin. Muryata suka sani, ba fuskata ba, don haka na zauna can baya na ja bakina.

Ban san abin da ya kai wannan nauyi ba: mutum ya ji muryarsa tana ƙoƙarin tsorata jama'a, jama'ar kuma suna ɓarar gyaɗa. Da aka zo kan macijin, wani mahauci ya ce, "Kai bakwai, ciki guda? Wanga ai yunwa za ta kashe shi kahin jarumin ya iso." Aka yi dariya har mai kanti ya ƙara murya. Da shirin ya ƙare, wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli tana tattara farantinta ta ce, ba da kowa take ba, "Ni dai ban ji mai dajin ba. Kwana nawa ana tahiya cikinai, ba a gaida kowa ba, ba a hana kowa komi ba. Dajin da babu mai shi ai gona ce da ba a share ba."

Na rubuta maganarta yadda ta faɗe ta. Mushe, wanda dariyarsa ta fi ta mahaucin ƙarfi, ya goge ido ya ce in dai daji mai mai shi nake nema, akwai wani kurmi kudu da Guéchémé, inda ruwan fadama ke kusa da ƙasa. Dangin uwarsa suna wajen, kuma wani tsohon maharbi ne ke riƙe da wurin. Lakwal ba za ta buɗe ba sai mako mai zuwa, ya ce zai raka ni.

Jumma'a ranar kasuwa ce, babu motar da za ta motsa kudu sai Asabar. Na yi ta zagaya rumfuna kamar wanda ya yar da allura. Akwai gishirin Fogha a ƙunshe cikin kaba, da tabarmi, da kaji dala goma sha biyar, zabi sun fi haka kaɗan. Na samu wani fatake mai goro wanda ya sha zuwa Kurmi na gaske, can inda goron ke fitowa. Na tambaye shi abin da ya fi haɗari a can. Ya yi tunani da kyau, ya ce, "Ƴan duwan," wato masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka. Da na matsa, ya ƙara da cewa ruwa ba ya ɗaukewa, riga ba ta bushewa, gishiri yana narkewa a buhu, ƙaramin ƙurji kuma ya zama gyambo. Wannan ma na rubuta. A taswirata babu ko ƙurji ɗaya, sai dodanni.

Ranar Asabar muka samu motar wani mai sayen gyaɗa zuwa Tibiri. Daga Dogon Dutsi zuwa kudu babu hanya, sai sawun waɗanda suka riga ka cikin rairayi. Sau uku muka kafe. Kowane lokaci a sauka, a tona, a shimfiɗa karan gero da faranti biyu na ƙarfe ƙarƙashin taya, a tura, a bi motar da gudu a hau. A Kiéché mushe ya roƙi minti biyar don ya gaida mahaifiyarsa, ya ajiye littattafai. Minti biyar ɗin sun zama sa'a ɗaya, amma ya dawo da ƙwaryar dambu da dafaffen ƙwan zabi, wannan ya rufe bakin kowa har da direba. Ni kaɗai na ci ina lissafin kwanaki: huɗu sun tafi, ban rubuta layi ɗaya na kashi na bakwai ba.

A Tibiri muka kai takardata ƙofar sarki. Aka karɓe mu da mutunci, aka yi mana alkawarin aron dawaki biyu. Malamin sarki ya faɗa mini ƙauyen da maharbin yake, ya faɗa mini sunansa da na ubansa. Na sa ya maimaita sau biyu, na rubuta, na karanta masa ya tabbatar. Haka aka koya mana a wurin aiki. Babban laifi a gidan rediyo shi ne ka ɓata sunan mutum, don haka suna in ya shiga kunnena ba ya fita, yana nan a kan harshe a shirye.

Lahadi muka yini a kan doki zuwa Guéchémé. Tun ina yaro rabona da sirdi, jikina kuma ya tuna mini da haka tun kafin azahar. Amma ƙasar tana sauyawa a gaban ido. Gero ya fara ja da baya, dawa ta karɓe gonaki. Rijiyoyi suka yi kusa, har muka ga wata da mace ke ɗiba da ƙwarya ba guga. Rake da rogo da dankali a fadama, sandar rake tamma biyu. Sai giginya, ɗaya, biyu, daga nan kuma ba a ƙirgawa, dogaye, kowace da kumburinta a tsakiya. Sauron Guéchémé ya cancanci a ambace shi. Ba ya kuka, aiki kawai yake yi.

Da safen Litinin muka ci gaba kudu. Muka yada zango a wata ruga, wani dattijon Bafillace ya ba mu madara mai ɗumi, ya ƙi karɓar komai. Da ya ji inda muka nufa, ya nuna mana wani baƙin layi a ƙarshen fadama, kamar hadarin da ya sauko ya zauna a ƙasa. Ya ce shanunsa ba sa kusantar wurin. Bara wata karsana ta kutsa, bai bi ta ba. Na tambaye shi ko iskoki yake tsoro. Ya ce, "Ni Musulmi ne, ban san iskokinsu ba. Amma ƙudan tsando da ke ciki, shi na san shi, ya kuma san shanuna."

Ƙauyen bai fi gida ashirin ba. Mun tarar da maharbin a inuwar rumbu yana saƙa amya, wato kwandon da ake ratayawa a itace don ƙudan zuma su shiga. Gajere ne, siriri, kunnensa ɗaya a yage, maganarsa a hankali. Ya saurari mushe har ƙarshe, ya ce yau ba a shiga, sai gobe in rana ta ɗaga. Na ce masa kwanakina sun ƙare. Ya ce kwanakin kurmin ba su ƙare ba.

Don in rage zafin jiran na fito da taswirata na shimfiɗa masa. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya sa na nuna masa kogin da macijin da itatuwan. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mutanen bakin wanga daji, mi suka ci daga cikinai?"

Na ce babu mutane a bakinsa.

"To wa zai shiga? In babu abin da ka kai mutum, kowane irin dodo ka aje, shi kaɗai zai zauna."

Shi abin da ke kai shi zuma ne. Gonarsa ƙarama ce, rabinta ruwa ke ci. Yana da amya goma sha tara a rataye cikin kurmin, inda furanni ba sa yankewa, kuma a wannan watan ake ɗiba. Da zuman yake musayar geron da gidansa ke ci har damina. Ɗansa guda da ya san hanya ya tafi cin rani Gwalkwas shekara biyu ke nan. Duk ƙauyen babu mai wuce itacen farko sai shi.

Talata da hantsi muka tsaya gindin wata tsamiya a bakin kurmin. Ya zuba madara a saiwarta, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Wurin na wata Doguwa ne, iska daga cikin iskokin da mutanen Arewa suka gada, amma shi ba ya kiran ta da komai sai "mai wurin". Ya juyo ya ba mu sanda ɗaya-ɗaya, ya ce abu uku ne. Ba a shiga da jan tufa. Ba a nuna komai da yatsa. Na uku kuma, ba a kiran suna a ciki, ba a amsa suna. "Huska ta sani, ba ta san suna ba," in ji shi. "In ta samu sunanka, sai ta kira ka da muryar naka, kai kuma ka bi. In ka ɓace, tsaya inda kake, ka bugi itace sau biyu da sanda. Ni zan zo." Mushe ya cire jan ƙyallen da ke aljihun rigarsa ya rataye a reshe. Ni na rubuta dokokin uku a littafina, har na ja layi ƙarƙashin ta ukun, na sa a gefe: "Wannan zai yi kyau a kashi na bakwai."

Taku hamsin da shiga, sama ta ɓace. Ba duhu ba ne irin na dare. Wani haske ne kore-kore, mai nauyi, wanda ba ya fitowa daga gabas ko yamma. Giginya da kanya da ɓaure da maɗaci sun haɗe kai, igiyoyin kurangar da ake kira ciwo sun ɗaure su, ƙasa kuma sarƙaƙiya ce da rubabben ganye mai warin tsohuwar randa. Iska ba ta motsi. Zufa ta jiƙa ni tun kafin in gaji. Tsando ya cije ni a wuya ta cikin riga, cizon kamar an taɓa mutum da bakin allura mai zafi. Maharbin ya nuna mana karara, wato waken nan mai gashin ƙaiƙayi, da haɓarsa ba da yatsa ba, muka rusuna muka wuce ƙarƙashinta. Birai suna bin mu ta sama ba tare da kuka ba. Sau ɗaya wani abu mai nauyi ya faɗa ruwa a hagunmu, ban ga ruwan ba balle abin.

Abin da ya fi damuna ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Na nemi in san ina alƙibla take, na kasa. Tun da aka haife ni hakan bai taɓa faruwa da ni ba. A ƙasarmu ko makaho ya san gabas da zafin rana a kumatunsa. A nan na juya sau ɗaya don in kalli wata amya da ke rataye can sama, ƙudan zuma na shiga suna fita, da na juyo sai ko'ina ya zama iri ɗaya.

Na ce wannan shi ne abin da na zo nema, dole in rubuta kafin ya tsere mini. Na jingine sandata a jikin itace, na buɗe littafi. Layi huɗu na rubuta. Da na ɗaga kai babu maharbi babu mushe. Ta tsakanin ganye na hango wani fili mai ɗan haske, shimfiɗe da koren ciyawa, na ɗauka ta nan suka bi. Taku na uku ciyawar ta buɗe. Na nutse zuwa gwiwa, na yi yunƙurin fitowa na nutse zuwa cinya. Lakar tana da sanyi, tana ja a hankali, ba gaggawa. Sandata tana can jingine inda na bar ta, ina ganin ta, hannuna ba ya kai.

Na kira sunan maharbin.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, na riga na faɗe shi a inda bai kamata ba. Sau uku na kira, da sunan ubansa a haɗe, da irin muryar da aka koya mana, wadda kowane harafi ke fita daram har a ji shi a Zinder. Dokar tana cikin littafin da ke hannuna, da layi a ƙarƙashinta. Amma lokacin da tsoro ya zo, ba littafin ne ya yi magana ba, harshen ne ya yi abin da ya saba.

Muryata ta dawo mini daga baya, daga wajen da na tabbata babu kowa. Daga nan shiru. Birai ma sun tsaya.

Daga baya mushe ya gaya mini ba su fi taku ashirin da ni ba. Da kiran farko maharbin ya tsaya cak, ya damƙe wuyan hannun mushe don kada ya amsa, ya tsuguna ya sunkuyar da kai. Sai da shirun ya daɗe sannan ya tashi. Ni dai abin da na gani shi ne ganye ya buɗe, kan sanda ya miƙo. Na kama, suka ja su biyu. Takalmina ɗaya ya zauna a can. Matsattsaku huɗu maharbin ya cire daga ƙafata da garin taba, bai dube ni ba. Ta wata hanya dabam ya fito da mu. Da muka ga rana na duba agogo: duka zamanmu a ciki bai kai sa'a biyu ba.

A gindin tsamiyar ya wanke fuska, ya zauna. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ni ne na kira, ba wani ba."

"Na san kai ne, Malam. Ba ni kaɗai na ji ba."

"Laka ce ta kama ni."

"Laka ba ta cin mutum kahin a sha ruwa. Da ka tsaya da na zo." Sannan ya ƙara, "Abu ukku ne. Karatunka ya yi yawa, wuri ya ƙare?"

Mushe ya tambaye shi yanzu mene ne abin yi. Ya ce babu. Sai farkon damina ƙauyen ke yin yankan shekara a gindin tsamiyar, a lokacin ne zai roƙi mai wurin ta mayar masa da abin da ta ji. Kafin nan ba zai wuce itacen farko ba. Shekara arba'in yana shiga, in ya ji motsi ya san na mene ne. Yanzu in ya ji muryar matarsa ko ta ɗansa tana kiran sa daga wajen tafki, ba shi da tabbacin ƙafarsa ba za ta bi ba.

Na ce amyoyin fa?

"Dage ya samu shekara," in ji shi. Dage shi ne dabbar nan mai fasa amya ta sha zuma.

Na ce zan sayi baƙin bunsuru a yanka yau. Ya ce ba lokacinsa ba ne. Na fito da abin da ke aljihuna, ya ture hannuna ba da fushi ba. "Ba kuɗi aka kira ba. Ni aka kira." Abu ɗaya ya roƙa: kada sunansa ko na ƙauyen ya shiga akwatin nan namu mai magana. Na yi alkawari, shi ya sa ba ku gan su a nan ba.

A gida matarsa ta ji labarin a tsaye, turmi a gabanta. Da azahar ta kawo mana fura, da ɗan zuma a ƙoƙo, ta ce na bara ne, shi ya rage, baƙo ba ya tafiya bai ɗanɗana ba. Na sha abubuwa masu ɗaci a rayuwata waɗanda suka fi wannan sauƙin haɗiya.

Ni mutum ne mai salla, na kuma yi lakwal, ba zan ce muku na ga Doguwa ba. Abin da na gani laka ce mai kama da fili, da wurin da murya ke dawowa ta inda ba ta fita ba. Wanda ya bi kira a irin wannan wuri zai bar hanya, wanda ya bar hanya kuma na san inda zai ƙare. Wannan bayani ya ishe ni a kan doki da rana tsaka. Amma ba zan ce shi ne dukan abin da ke cikin dokar ba, don mutumin da ya fi kowa sanin lakar shi ne ya tsuguna ya sunkuyar da kai.

Laraba muka koma Guéchémé, na sayi takalmin fata dala ashirin, muka ba wani mai zuwa Tibiri dawakan sarki. A nan muka rabu da mushe, ya nufi arewa. Alhamis na samu motar gyaɗa zuwa Doso ta wata hanyar rairayi da ta sa na yafe wa ta Tibiri. A kan buhuna na rubuta kashi na bakwai, littafin a gwiwa, rubutun kamar sawun kaza. Na kashe macijin a layin farko, da yunwa. Kogin ya koma gudu gaba kamar sauran koguna. A bakin Kurmin Ba-Rana na kafa ƙauye mai gida ashirin wanda ba ya rayuwa sai da abin da ke ciki. Na ba dajin mai shi, ba a ganin ta, na ba ta doka. Na sa ƙurji da tsando da rigar da ba ta bushewa. Sannan na sa jarumin ya ɓace, ya ji muryar mahaifiyarsa tana kiran sa daga wajen ruwa.

Jumma'a da hantsi na iso Yamai, ban je gida ba, na wuce ɗakin ɗaukar murya da lakar Guéchémé a bakin wandona. Na karanta lafiya har zuwa wurin kiran. A takarda na rubuta sunan jarumin sau uku. Da na zo kansa bakina ya ƙi. Na tsaya. A aikinmu shiru laifi ne, mai kula da na'ura ya ɗaga hannu ta bayan gilashi yana tambaya ko wani abu ya lalace. Na ƙirga biyar a zuci, na ce, "Ta kira shi," na rufe kashin a nan. Ban sake ɗauka ba.

Direkta ya saurari faifan da la'asar tare da mai na'urar, wanda Bahaushen Tawa ne, mutum marar yawan magana. Direkta ba Hausar yake bi ba, fuskar mutumin yake kallo. Da faifan ya ƙare mai na'ura ya juyo gare ni ya ce, "To, ya amsa?" Na ce sai Alhamis ta sama. Ya ce shi ba mai sauraro ba ne, ma'aikaci ne, in gaya masa yanzu. Direkta ya nemi a fassara masa abin da muke cewa. Da ya ji, ya ce shirin ya ci gaba har ƙarshen rani.

Ga abin da tafiyar ta koya mini, ga duk mai son ƙaga daji a takarda. Kada ya fara da dodo. Ya fara da mutanen da ke bakin dajin da abin da ke tilasta musu shiga. Ya ba dajin mai shi, ya ba mai shi doka ƙarama, mai sauƙin riƙewa, irin wadda mutum zai rantse ba zai taɓa karyawa ba. Sannan ya tambayi kansa wa zai ɗauki nauyin in an karya, don sau da yawa ba mai karyawar ba ne. Ni na dawo da shirina. Wani mutum kuma yana zaune a inuwar rumbu, amyarsa goma sha tara na rataye cike da zuma a wurin da ba zai taka ba sai damina.

Jiya na aika wa mushe saƙo ya sayi buhu biyu na gero a kasuwar Jumma'a, ya kai ƙauyen a kan jaki, ya ce daga dangin uwar tasa da ke wajen ne. Ban sani ba ko tsohon zai karɓa. Mutum ne mai gane murya.